Injin da Ya Shinshino Gwaggo

Har yau idan wani abu ya fara ƙara ƙit-ƙit-ƙit a kusa da ni, ko agogon waya ne ko babbar mota ce take ja da baya, sai in zabura in toshe kunnuwana. Mutane suna yi min dariya a kan haka, wai ƙatuwar mace tana tsoron ƙarar waya. Ba su san Gwaggo ba, kuma ba su ga abin da aka yi mata a tsakar gidanmu na Rurum ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni tun ban san kaina ba. A ɗakinta na yi wayo, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji a Fassi, da auren ya mutu kuma ɗakinta na dawo da akwatina. Doguwar mace ce baƙa, mai baki kamar me, ga tsafta har ta yi yawa. Idan kika wanke mata kwano sai ta ɗaga shi ta kalli rana da shi, ta miƙo miki ta ce ki sake. Sana'arta daddawa. Daga Rurum har cikin Rano, har Kibiya ranar kasuwa, idan mace ta ce a sayo mata daddawar kalwa mai kyau, ta gidanmu take nufi.

Aikin daddawa ba na raggwaye ba ne. Za a dafa kalwa wuni guda ana tura itace, a surfe ta da toka a turmi, a wanke, a sake wankewa har sai ɓawon ya fita tas, a mayar wuta, sannan a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da buhuna a ajiye a ɗaki sai ta nuna. A kwanakin nunar nan ne gida yake ɗaukar wari, wani irin zarni mai hawa ka, wanda yake kama zani da gashi da fatar mutum. Mu mun saba. Baƙo kuwa tun daga zaure yake toshe hanci. A wajenmu ana cewa daddawa aba ce mai son tsarki, idan mace marar tsarki ta sa mata hannu ba za ta nuna ba, sai dai ta lalace. To da yake ta Gwaggo ba ta taɓa lalacewa ba, sai mata suka riƙa cewa ai hannunta ne mai tsarki.

Abin da ba su sani ba, ni kaɗai na sani. Haihuwar Gwaggo ta ƙarshe ta zo da wahala, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da lalura: fitsari yana ɗiga mata ba da saninta ba. Idan ta yi tari, ko ta yi dariya, ko ta ɗaga tulu, ko ma tana zaune kawai. Ba a daɗe ba mijinta ya rasu, ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, ta dawo gidan yayanta. A gidan miji waina take soyawa, kuma an ce layi ake yi a kanta. Da ta dawo sai ta kife tanda ta sayi kalwa. Sai da na girma na tambaye ta dalili, muna shanya a bayan rumbu.

Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wa kika taɓa ji ya tambayi mai daddawa warin mene ne a jikinta?"

Haka ta rayu shekara da shekaru. Tsummokinta ita take wanke abinta a ruwan wankin kalwa, ta shanya su a ƙarƙashin buhunan lulluɓi, ko matar yayana da suke gida ɗaya ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Na roƙe ta mu je asibiti a Kano, na ce ana yin aikin, mata da yawa sun warke. Ta ce idan ta fita da jaka me za ta ce wa mutanen gida? Idan ta kwana biyu ba ta nan wa zai hana su tambaya? Na ce a ce ciwon ido ne. Ta ce, "Rufa min asiri ki bar ni. Allah Ya rufe, ke kina so ki buɗe." Watan azumi shi ne watan hutunta, don idan ba ta sha ruwa ba abin yana raguwa sosai. Har walwala take ƙarawa, ta zauna cikin mata ta yi dariyarta son ranta.

Yayana shi ya zama maigida bayan rasuwar Baba. Ba zan ce mugu ne irin wanda ake nunawa da yatsa ba. Yana noma, yana ciyar da gida, bai taɓa hana Gwaggo hatsi ba. Amma mutum ne mai son a ce, kuma idan aka zo batun ɗansa na fari ba ya ji ba ya gani. Yaron yana karatun injiniya a Kano, tun bai je ko'ina a karatun ba Yaya ya laƙaba masa Injiniya, mu ma muka bi. Duk majalisar da Yaya ya zauna, ko zancen taki ake yi, sai ya san yadda ya yi ya sako Injiniya a ciki.

Shi Injiniya ba shi da hayaniya, kuma yana son Gwaggo. Da yake jika ne a wajenta, wasa suke yi. Ita ta ce masa angona, shi ya ce mata tsohuwa na sake ki, haƙoranki sun ƙare. Ta ce cefane ya gagare ka shi ya sa. Ka san dai yadda abin yake, jika duk abin da ya faɗa wa kaka wasa ne, ko ya ja mata zani ko ya ƙwace mata goro. Idan ta yi fushi ita ce abin dariya.

A ƙarshen azumin wata shekara, ana tsakiyar zafin bazara, ya dawo hutun Sallah da wani kwali a ɗaure a bayan babur. Aikinsa ne na gama makaranta. Da ya buɗe sai muka ga wani ɗan inji mai taya huɗu, bai fi faifai girma ba, wayoyi ja da baƙi sun cukurkuɗe a bayansa, ga batir, ga 'yar fanka a gaba tana zuƙo iska. A gefe da gefen fankar akwai wasu abubuwa biyu kamar murfin kwalba masu raga, ya ce su ne hancinsa. Idan hancin dama ya fi jin wari sai ya karkata dama, idan na hagu ne ya karkata hagu, idan warin ya ɓace masa sai ya yi ta kai da kawo har ya sake kama shi. Yana matsawa kusa ƙararsa tana ƙara sauri, idan ya iso sai wata jar fitila ta kama ya tsaya. Ya ce don gidajen kaji ya yi shi, da ɗakunan ajiyar takin zamani, inda wata iska mai yaji take taruwa ta kashe kaji ko ta shaƙe mutum.

Kai, yara suka samu abin yi. A sa shi a ƙofar gida ya nufi turken awaki. A mayar da shi ya nufi makewayi. Suna binsa suna ihu, kafin yamma sun sa masa suna Ɗan Shinshina. Na lura duk lokacin da aka kunna shi Gwaggo tana shigewa ɗaki ta saki labule. Da muka zauna shan ruwa sai ta matso ta ce min a hankali, "Wannan abin na angona, mutum ma yana shinshinawa?" Na je na tambayi Injiniya kamar da wasa. Ya yi dariya ya ce ba ruwansa da mutum, iska kawai yake bi. Na dawo na faɗa mata haka, ta gyaɗa kai ta ci gaba da tauna dabinonta.

Washegarin Sallah gida ya cika. 'Yan'uwa daga Rano, 'ya'yan Yaya mata da yaransu, maƙwabta, kowa da sabon ɗinki. Ga kuma babban baƙo, wani Alhaji daga Kibiya wanda Injiniya yake neman 'yarsa, ya zo da mutanensa. Yaya tun safe yake rawar ƙafa. Bayan sun ci abinci a zaure sai ya shigo da su ciki su gaida Gwaggo, tunda ita ce babba a gidan.

Gwaggo tana zaune a kan sabuwar tabarma a gindin darbejiya, mata sun kewaye ta. Ta yi wanka, ta sa atamfar da na ɗinka mata, ta yi turare, ranar ko kusa da ɗakin daddawa ba ta je ba. Kuma tun safe duk wadda ta shigo da kofinta take shigowa, wannan zoɓo, wannan kunun aya, a ce Gwaggo sai kin ɗanɗana nawa. Mutumin da ya yi wata guda yana jan ƙishirwa a wannan zafi, ga Sallah, ta sha. Ni na ga tana sha, na kuma ga yadda ta daina motsi a kan tabarmar, ta tattara zaninta ta zauna daram.

Aka gaisa, aka yi barka da Sallah. Maimakon su fita sai Yaya ya ce, "Alhaji, tsaya ka ga aikin ɗanka. Injiniya, ɗauko abin nan." Ya sa aka share fili, ya sa wani ya riƙe waya yana ɗauka, wai malaman makarantar za su so su gani. Injiniya ya ce ana buƙatar abu mai wari da za a ɓoye. Yaya ya ce ai gidan wari aka zo, a ɗebo daddawar da take nuna. Gwaggo da bakinta ta ce min in ɗebo a ƙwarya, har tana cewa a yi a hankali kada angonta ya cinye. Na kai ƙwaryar can gindin rumbu na kife kwando a kai.

Injiniya ya ajiye injin a tsakiyar fili ya kunna, ya ce a ɗan jira hancin ya yi zafi. Iskar ranar daga wajen darbejiya take busowa. Abin ya fara tafiya, ya yi dama, ya yi hagu, ya ɗan nufi rumbu kamar gaske, sai ya tsaya. Ya juya. Ƙit. Ƙit. Ya kama hanyar mata. Mata suka fara janye ƙafafu suna dariya, yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana ƙara sauri, har ya zo ya dunguri bakin tabarmar Gwaggo. Jar fitilar ta kama.

Aka kwashe da dariya. Injiniya ya ce, "Kun gani, ya san matata." Gwaggo ta yi dariya ita ma, ta ce ya zo biko ne, a ce masa ba ta komawa. Ni kaɗai na ga ta ƙara danne zaninta a ƙarƙashinta.

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Sai Alhajin nan ya yi murmushi ya ce, "To, abin dai da saura. Ga daddawa can, ya tafi wajen Hajiya." Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce ai kayan yara ne, a hankali za a gyara.

Na ga fuskar Yaya ta canja. Ya ce a sake. Aka mayar da injin tsakiya, ya sake komawa tabarmar Gwaggo, wannan karon ko waiwayar rumbu bai yi ba. Wata maƙwabciya, Allah Ya saka mata, ta ce ai warin daddawa ne ya kama jikin Gwaggo, shekara nawa tana yi. Na ce haka ne, a kashe abin nan a ba baƙi wuri. Injiniya ma ya sunkuya zai ɗauka, ya ce iska ce ta juya, gobe a gwada. Ina jin a lokacin ya fara fahimta, don ya kasa kallon wajen da take.

Yaya ya daka masa tsawa. "Bar shi! Sabon kaya ne a jikinta, yau ko ɗakin ba ta shiga ba, ina ta samo warin daddawa da ya fi na ƙwarya guda? Injin nan ba ya ƙarya. Faɗa wa Alhaji, me da me yake ji?"

Yaron ya tsaya yana inda-inda. Uban ya sake tambaya. Injiniya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yana jin daddawa, da kashin kaji, da takin zamani.

"Da me kuma?"

"Da fitsari idan ya jima."

Mai hankali a nan zai ce a tashi. Amma Yaya ya ga hanyar da zai wanke ɗansa a gaban suruki, ya kuwa bi ta a guje. Ya ce, yana 'yar dariya, ƙila wani yaro ne ya yi a wajen, Gwaggo ɗan tashi a duba. Gwaggo ta ce ƙafarta ta yi sanyi, ba inda za ta. Ya ce haba Gwaggo, ɗan matsawa kaɗan. Ta ce, "Ɗan nan, ka bar ni in zauna." Tunda nake ban taɓa jin ta roƙi wani da irin wannan muryar ba.

Sai ya juya wajen yaran ya ce, "Kai, ku tashi kakarku."

Na yunƙura in ture jug ɗin zoɓon da yake gefenta ya malale a tabarmar, amma mata sun yi yawa a tsakaninmu. Jikoki suka yi mata caa, wannan ya kama hannu, wannan ya kama mayafi, suna tsohuwa tashi, tsohuwa ta ƙi tashi. Wa zai hana su? Wasa ne. Ita kuma dole ta yi dariya, tana dariya suna ja, dariyar ma tana ƙara mata abin. Suka miƙar da ita tsaye. A kan sabuwar tabarmar ga shaida nan faɗin faranti, bayan atamfarta ya jiƙe har ƙasa. Injin ya hau tabarmar ya tsaya a daidai wurin yana ta ƙara ba ƙaƙƙautawa.

Wata 'yar ƙaramar jika ta ce, "Laa, Kaka ta yi fitsari!"

Yara suka fashe. Wasu manyan ma suka sa mayafi a baki, kafaɗunsu suna rawa. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya ba da lafiya, ya juya. Yaya kuwa, ina ji da kunnena, yana bin sa zuwa zaure yana cewa, "Ka gani ko, Alhaji? Na faɗa maka ba ya kuskure."

Na cire mayafina na ɗaura mata ta baya na ja ta ɗaki. Na fito na zagi wanda zan zaga, na ce wa mai riƙe da wayar idan bai goge ba sai na fasa ta a kansa. Ya rantse ya goge. Ƙarya yake. Kafin kasuwa ta zagayo hoton ya riga mu zuwa Kibiya.

Ranar kasuwar na ɗauki tiren daddawa na tafi kamar kullum, na dawo da shi kamar yadda na kai shi. Matan da suka shekara suna cewa hannun Gwaggo mai tsarki ne, su ne suka riƙa wucewa suna kallon gefe. Wata ta tsaya ta ce min, ashe shi ya sa tata ta fi ta kowa ƙarfi. Na ce mata uwarki ma da ita ta yi miki miyar suna, ban san lokacin da aka riƙe ni ba. Har gida aka riƙa aiko yara da daddawar da aka saya kafin Sallah, a ƙulle a leda, wai an fasa. Gwaggo ta karɓa ta jera a tukunya ta rufe. A gida kuma matar Yaya ta ware mata kofi da buta, ta koma sayen daddawar wani gari. Yaran unguwa idan Gwaggo ta fito zagayawa sai su bi bayanta suna ƙit-ƙit-ƙit da baki. Na kama ɗaya na murɗe masa kunne, uwarsa ta zo har gida ta ce ai jikan Gwaggo ne, wasa yake yi.

Injiniya ya zo ɗakin kafin ya koma makaranta. Ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Gwaggo ta ce, "Angona, da ka gaji da ni ai sai ka sallame ni, ba sai ka turo min kare ba. Tashi, ba kai ba ne." Ta ba shi goro. Aikin nasa an ce ya burge malamai ƙwarai, auren ma an sa rana.

Ita kuwa sai ta ɗauki azumin Sitta Shawwal. Ban kawo komai a raina ba, kowace shekara tana yi. Da ta gama sai ta ce akwai ramuwa a kanta tun na ƙuruciya. Da wannan ta ƙare sai Litinin da Alhamis, sai kuma ya zama kullum. Idan an kira magariba ta ci dabino, ta tsoma baki a kofi ta ajiye. Da asuba ta ci tuwo busasshe ba miya. Kunu ta daina, fura ta daina, ga rana tana dukan kwanon ɗakin kamar za ta narkar da shi. Na gane abin da take yi. Idan ba ta sha ba, babu abin da zai zuba.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Na ɗora mata kofi a baki ta kawar da kai. Na ce Gwaggo wannan ba ibada ba ce, kashe kai ne. Ta ce, "Kin ga na wanke tsumma jiya? Kin ga na wanke yau?" Tana faɗa tana jin daɗi, leɓenta duk ya tsattsage.

Na je wajen Yaya na ce ya sa baki, shi ne maigida, ko ya kira malam ya yi mata magana. Ya ce, "Ke fa kin cika fitina. Tsohuwa tana neman lahirarta ki ce a hana ta?" Ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Abin da ya fi ƙona min rai, sai ga shi a majalisa yana ba da labari, wai gwaggonsa tun Sallah ba ta sha ruwa da rana ba. Matan da suka dawo mata da daddawa suka fara leƙowa suna cewa Gwaggo a sa mu a addu'a. Daga bakin ƙofa suke faɗa, ba mai shigowa ya zauna.

Ana gab da saukar damina ta faɗi a bakin randa, ta je ɗebo ruwan alwala. Muka ɗauke ta a mota zuwa asibiti. Aka sa mata ƙarin ruwa, leda bayan leda, amma likita ya kira ni gefe ya ce an makara, ƙodarta ta tsaya, fitsarin ma ya daina zuwa gaba ɗaya. Na koma na zauna a gefen gadon. Ƙafafunta sun kumbura, idonta ya faɗa. Ta tambaye ni me ya ce, na faɗa mata gaskiya don ba ta son a ɓoye mata abu.

Ta lalubi zanin gadon da tafin hannunta, ta shafa ƙarƙashinta, ta sake shafawa. Sai ta ce, "Matso. Shinshina ni."

Na ce haba Gwaggo.

"Shinshina ni na ce."

Na sunkuya na sa hancina a wuyanta, da zaninta, da katifar. Warin magani ne kawai da na tsufa.

"Akwai?"

Na ce babu, Gwaggo.

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta lumshe ido. Washegari da hantsi ta cika.

Ranar sadakar uku ni na karɓi girki, na ce ba mai taya ni kaɗa miya. Aka tuƙa tuwon dawa, na buɗe tukunyar nan da Gwaggo ta jera daddawar da aka dawo mata da ita, na daka ta da yawa na zuba a miyar kuka. Ƙamshi ya cika gida. Mata suka ci suna santi, har da wadda ta tsaya a kan tirena a kasuwa, ta ce a ƙara mata miya. Aka fitar da na maza zaure, inda Yaya yake karɓar gaisuwa tare da Alhajin Kibiya da sauran jama'a. Ba a jima ba kwanuka suka dawo a suɗe, da saƙon Yaya wai a ƙaro, kuma wa ya kaɗa miyar nan, rabonsa da irinta tun kafin Sallah.

Na ɗauki kwanon da kaina na kai har bakin zaure. Na ajiye a gabansa, na jira ya kai loma baki, sannan na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Daddawar Gwaggo ce, Yaya. Wadda aka dawo mata da ita."

Hannuwa suka tsaya a cikin kwanuka. Alhaji ya janye nasa a hankali yana goge shi a gefen tabarma. Na zuba wa Yaya ido. Ina jira in ga ko zai haɗiye, ko idonsa zai kawo ruwa, ko zai ce Allah Ya jiƙanta ta iya daddawa. Ko wannan kaɗai ya faɗa da na yafe masa rabi.

Ya tashi ya fita ƙofar gida ya tofar. Ya ce a miƙo masa buta. Aka kawo masa ita cike, ya tsuguna yana kurkure baki yana zubarwa, yana kurkurewa yana zubarwa, har ta ƙare ya ce a ƙaro wata. Ina tsaye ina kallon ruwan yana bin ƙasa.